Binciken Jami'a: Me Ake Ƙirgawa, Me Ke Isa Fadamar Gulma?

Duk shekara, da zarar wasu kamfanoni na ƙasashen waje sun fitar da jerin jami'o'in duniya daga ta farko zuwa ta ƙarshe, sai cece-kuce ya tashi a gidajen rediyo da majalisun hira da shafukan Facebook. Wani ya ce jami'o'in Arewa sun mutu tunda ba a ga sunayensu a sama ba. Wani kuma ya ɗauko wani jerin dabam ya ce ai ga tamu nan ta yi zarra. Uban da ya sayar da buhunan shinkafa a kasuwar Gulma ko ta Argungu don ya biya wa ɗansa kuɗin rajista shi ke tsayawa a tsakiya, bai san maganar wa zai kama ba. Abin da ya haddasa wannan ruɗani shi ne an cakuɗa abubuwa uku a tukunya ɗaya: yawan binciken da jami'a ke fitarwa, da ingancinsa, da kuma amfanin da jama'a ke samu daga gare shi. Wannan sharhi zai rarrabe su, ya nuna yadda ake auna kowane, sannan ya duba inda jami'o'in Jihar Kabi da maƙwabtansu suka dosa.

Ma'anar kalmomin da ake yawan ji

Bincike, a bakin malaman jami'a, yana nufin bin wata tambaya da ba a san amsarta ba ta hanyar da wani zai iya maimaitawa ya ga ko zai samu abin da aka samu. Wanda ya tattaro abin da ke cikin littattafai ya sake jera shi ya yi karatu, amma bai ƙaro wa ilimi komai ba tukuna.

Maƙala ita ce rubutun da mai bincike ke bayyana tambayarsa da hanyar da ya bi da sakamakon da ya samu. Ana buga ta a mujallar ilimi, wadda malamai kan kira jona, kalmar da aka aro daga Turanci. Bambancin jona da mujallar da ake sayarwa a bakin titi shi ne tantancewar takwarori: kafin a buga maƙala sai edita ya tura ta ga masana biyu ko uku na fannin, su tsefe ta, su ce a gyara, ko a karɓa, ko a yi watsi da ita. Wannan aiki kan ɗauki watanni, wani lokaci fiye da shekara.

Kundin digiri shi ne babban rubutun da ɗalibi ke gabatarwa a ƙarshen digiri na biyu ko na uku. Ɗan ƙaramin da ake yi a ƙarshen digirin farko shi ɗalibai ke kira furojet.

Ambato kuwa shi ne wani mai bincike ya kawo sunan aikinka a cikin nasa, ya nuna cewa a kansa ya ɗora. Da shi ake gane ko maƙala ta yi tasiri a tsakanin masana. Daga ambato aka samo abin da ake kira ma'aunin h, wanda wani masanin kimiyyar fiziks a Amurka, Jorge Hirsch, ya ƙirƙiro a 2005. Idan aka ce ma'aunin h na malami 10 ne, ana nufin yana da maƙala goma waɗanda kowace an ambace ta aƙalla sau goma.

Tasiri kuma iri biyu ne. Akwai tasirin ilimi, wato yadda aikin ya motsa tunanin sauran masana. Akwai kuma tasirin rayuwa, wato yadda ya canza abin da manomi ke shukawa, ko yadda likita ke duba marar lafiya, ko abin da hukuma ke yankewa. Yawancin gardamar da ake yi ta samo asali ne daga ɗaukar ɗayan a matsayin ɗayan.

Tushen lamarin

Rubuta ilimi don na baya su ɗora a kai ba baƙon abu ba ne a wannan yanki. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda ya zauna a Gwandu, ya bar littattafai masu yawa a kan tafsiri da fiƙihu da nahawu da tsarin mulki, kuma tafsirinsa Liya'ut Tawili har yau ana karanta shi a ciki da wajen Nijeriya. Malaman wancan zamani sun san ambato tun kafin a ƙirƙiro na'urar ƙirga shi: marubuci kan faɗi daga wa ya ɗauko magana, almajiri kuma kan haddace silsilar malamansa.

Jami'a irin ta zamani, mai haɗa koyarwa da bincike a ƙarƙashin rufi ɗaya, ana danganta tsarinta da Jami'ar Berlin ta Jamus da aka kafa a 1810. Amurka ta ƙara mata wani reshe da dokar 1862, wadda ta ba jihohi filaye don su kafa kwalejojin noma da sana'a, waɗanda daga baya aka ɗora musu aikin kai sakamakon bincike har gonakin manoma. Saboda haka ake cewa aikin jami'a uku ne: koyarwa, bincike da hidimar al'umma.

A Nijeriya, Ibadan ce ta fara a 1948. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta buɗe a watan Oktoba 1962, ta kuma gaji tashar binciken noma ta Samaru, wadda ta fara aiki tun 1922. Jami'ar Sakkwato, wadda yanzu ake kira Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ta zo a 1975, ta Bayero a Kano kuma ta zama cikakkiyar jami'a a 1977. Jihar Kabi ita kanta sai a 1991 aka ƙirƙiro ta. Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliero, wadda daga baya aka sa wa sunan Abdullahi Fodiyo, an kafa ta a 2006. Jami'ar Tarayya ta Birnin Kabi ta biyo baya a 2013, sannan Jami'ar Noma ta Tarayya da ke Zuru. Ban da su akwai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru a Birnin Kabi da Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie a Argungu.

Waɗannan shekaru suna da muhimmanci ga duk mai son yin adalci. Jami'ar da ba ta cika shekara ashirin ba, wadda yawancin malamanta ke kan neman digirinsu na uku, ba a sa ta a ma'auni ɗaya da wadda ta haura sittin. Ɗakin gwaje-gwaje ana iya gina shi cikin shekara biyu, amma tarbiyyar bincike, wato babban malami ya raini ƙanana har su ma su raini wasu, tana cin shekaru masu yawa.

Yadda ake aunawa

Akwai manyan rumbuna biyu da ke tattara maƙalun duniya suna ƙirga ambato: Scopus na kamfanin Elsevier, wanda ya fara a 2004, da Web of Science, wanda ya samo asali daga aikin Eugene Garfield na shekarun 1960. Ba kowace mujalla suke karɓa ba, sai wadda ta cika sharuɗɗansu. Akwai kuma Google Scholar, wanda ƙofarsa a buɗe take, yana kwashe kusan duk abin da ya samu a intanet, mai kyau da marar kyau. Shi ya sa malami ɗaya zai iya samun alƙaluma uku mabambanta a wurare uku.

Masu jera jami'o'i daga waɗannan rumbuna suke ɗiba, amma kowa da abin da ya fi ba nauyi. Jerin Shanghai na ƙasar Sin, wanda ya fara a 2003, yana duba kyautar Nobel da maƙalun da suka fito a mujallun Nature da Science. Jerin Times Higher Education na Ingila yana haɗa koyarwa da bincike da ambato da hulɗa da ƙasashen waje da kuɗin da masana'antu ke zubawa, kuma babban jerinsa ba ya ɗaukar jami'ar da ba ta buga maƙala 1,000 cikin shekara biyar ba. Jerin Webometrics na ƙasar Sifen kuwa babban kasonsa a kan yadda jami'a ta bayyana a intanet yake. Ke nan rashin ganin sunan ƙaramar jami'a a wani jeri yana iya nufin ba ta kai adadin shiga ba kawai, hawa sama a wani jerin kuma yana iya nufin ta gyara shafinta ne.

Waɗannan ma'aunai suna da gurbin da ba su gani. Kusan duk da Turanci suke aiki, don haka maƙalar da aka rubuta da Hausa ko Larabci ba ta cika shiga lissafi ba. Sun fi ƙirga maƙala a kan littafi, alhali masana tarihi da adabi da shari'a a littafi suke zuba ƙarfinsu. Haka nan fannoni sun bambanta: a likitanci da ilimin sinadarai ana ambato da yawa cikin sauri, a lissafi da nazarin harshe kuwa a hankali. Wanda ya gwada ma'aunin h na likita da na masanin Hausa kamar ya auna gero da auduga ne a mudu ɗaya. Masana da kansu sun yi gargaɗi a kan haka a Sanarwar San Francisco ta 2012 da Ƙa'idojin Leiden na 2015, inda suka nemi a riƙa karanta aikin kansa, alƙaluma su zama masu taimako kawai.

Tasiri a fannoni dabam-dabam

Misalan da ke kusa da mu sun isa su nuna yadda bincike ke aiki idan ya samu lokaci da kulawa.

A noma, Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru ta fitar da ire-iren masara da dawa da gyaɗa da wake da auduga masu ɗauke da harufan SAM a farkon sunansu, kamar SAMMAZ da SAMSORG da SAMNUT da SAMPEA. A duba wake kawai. Tsutsar da ke huda kwanson wake takan cinye mafi yawan amfanin gona idan ta yi ƙamari, har manomi kan yi feshi sau shida zuwa takwas a damina ɗaya. Masu bincike a Samaru, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Mohammad Ishiyaku tare da abokan aiki daga Ostireliya da wata gidauniyar fasahar noma ta Afirka, sun shafe kimanin shekara goma suna gwaji a killatattun filaye kafin a amince da irin SAMPEA 20-T a watan Disamba 2019. Da shi feshi ya sauko zuwa kamar sau biyu. Akwai masu adawa da irin da aka sauya wa ƙwayar halitta, kuma muhawararsu tana nan, amma darasin da ya shafi batunmu a fili yake: shekara goma na aiki ba a iya auna su da adadin maƙala kaɗai. Haka cibiyar binciken dabbobi ta Shika, ita ma ta Jami'ar Ahmadu Bello, ta samar da kazar ƙwai ta Shika Brown mai jure yanayinmu.

Shinkafar da ta cika fadamun kogin Rima ma 'yar bincike ce. Irin FARO 44 da manoman rani suka runguma ya fito ne ta hannun Cibiyar Binciken Hatsi ta Ƙasa da ke Badeggi a Jihar Neja. Shinkafar NERICA kuwa, wadda ta sa Monty Jones ɗan Saliyo ya samu Kyautar Abinci ta Duniya a 2004, an same ta ne ta hanyar aurar da shinkafar Asiya da tsohuwar shinkafar Afirka, irin wadda kakanni suka daɗe suna nomawa a kwarin Rima.

A fannin lafiya, marigayi Farfesa Andrew Jonathan Nok na Zariya ya ci kyautar kimiyya ta kamfanin iskar gas na Nijeriya a 2009 saboda aikinsa a kan ƙwayar cutar da ƙudan tsando ke yaɗawa, wadda ke sa mutane ciwon barci, shanu kuma sammore. Aikinsa na ɗakin gwaji ne, ba abin da makiyayi zai gani da idonsa a shekarar farko, amma irinsa ne ke share hanyar magani da riga-kafi.

A tarihi, Farfesa Abdullahi Smith ya kafa Gidan Arewa a Kaduna a 1970, kuma malaman da suka taso a Zariya, irin su Yusufu Bala Usman, sun sauya yadda ake karanta tarihin ƙasar Hausa, suka dawo da shi kan rubuce-rubucen gida da bayanan baka. Littafin Farfesa Mahdi Adamu, ɗan ƙasar Yawuri wanda ya shugabanci Jami'ar Sakkwato, mai suna The Hausa Factor in West African History, ya fito a 1978, kuma har yau duk mai nazarin yaɗuwar Hausawa a Afirka ta Yamma sai ya bi ta kansa. Kundin Muhammad Bello Alkali na 1969 a kan Kabi a ƙarni na 19 shi ma ya zama madogara ga masu tarihin Argungu, duk da cewa kundin digiri ne.

A harshe, Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero da ya fito a 2006 yana hannun malamai da ɗalibai da 'yan jarida, ko da yake rumbunan ƙasashen waje ba su san da zamansa ba. A makamashi kuma, Cibiyar Binciken Makamashi ta Sakkwato ta daɗe tana aiki a kan na'urorin busar da amfanin gona da dafa abinci da hasken rana. A cikin waɗannan misalai, wasu sun yi suna a mujallun duniya, wasu a gona ko a aji, kaɗan ne suka haɗa biyun.

Abubuwan da ke riƙe ƙafar bincike

Wani rahoto da Bankin Duniya ya fitar tare da Elsevier a 2014 ya nuna cewa ƙasashen Afirka kudu da Sahara, in an cire Afirka ta Kudu, kasonsu a binciken duniya bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Ruwa ba ya tsami banza.

Na farko kuɗi. Ƙasashen Afirka sun yi alkawarin ware kashi 1 cikin 100 na arzikin da suke samarwa don bincike, amma Nijeriya ba ta kai nan ba. Babbar madogara ita ce asusun TETFund, wanda ya samo asali daga dokar harajin ilimi ta 1993, aka sake masa fasali a 2011. Ya gina ɗakunan karatu, ya tura malamai ƙaro ilimi, yana kuma da asusun bincike na ƙasa da ake nema ta hanyar gasa. Sai dai gini ya fi saurin shiga ido a kan gwaji, don haka shi ya fi samun rabo.

Na biyu kayan aiki. Gwajin da ke buƙatar firiji ya kwana a kunne ba ya yiwuwa inda wuta ke ɗaukewa. Na'ura mai tsada takan zauna a rufe saboda rashin sinadari ko rashin mai gyara.

Na uku lokaci. Malamin da ke koyar da ɗaruruwan ɗalibai, yana duba takardun jarrabawarsu, yana kula da furojet ashirin, da wane lokaci zai je gona ko ɗakin gwaji? Yajin aiki ya ƙara dagula lamarin. Na 2022 kaɗai ya ɗauki wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba, wato damina guda ta wuce ba a yi gwajin gona yadda ya kamata ba.

Na huɗu tsarin ƙarin girma. Tunda hawa daga wannan mataki zuwa wancan ya rataya a kan adadin maƙala, wasu kan yanka bincike ɗaya gida uku, ko a sa sunan wanda bai yi aikin ba. A nan mujallun bogi suka samu kasuwa: suna karɓar kuɗi su buga komai cikin 'yan kwanaki ba tare da tantancewa ba. Wani ma'aikacin laburare a Amurka, Jeffrey Beall, ya yi shekaru yana tattara sunayensu kafin ya rufe jerinsa a 2017. Manyan mujallu na gaskiya kuma wasunsu kan nemi dubban daloli kafin su saki maƙala kowa ya karanta kyauta, kuɗin da ya fi albashin malami na watanni.

Na biyar ficewar ƙwararru zuwa Turai da Amurka da ƙasashen Larabawa, na shida kuma rashin tsaro, wanda ya hana masu bincike shiga ƙauyuka da dazuzzuka da yawa a Arewa maso Yamma.

Ra'ayoyi mabambanta

Masu ra'ayi na farko suna cewa ilimi ba shi da iyakar ƙasa. A ganinsu, jami'ar da ke son a ɗauke ta da daraja dole ta buga aikinta inda masanan duniya za su tsefe shi, domin mujallar cikin gida da abokai ke tantance wa juna tana iya zama mafakar rauni. Suna ƙarawa da cewa tallafin ƙasashen waje, kamar cibiyoyin ƙwarewa da Bankin Duniya ya tallafa wa a Zariya da Kano, yana bin waɗanda aka san aikinsu ne.

Masu ra'ayi na biyu suna cewa da kuɗin talaka aka gina jami'a, don haka shi ya kamata ya fara cin moriyarta. Suna tambaya: ina amfanin maƙalar da ta fito a Landan idan malamin gona a Argungu bai taɓa jin labarinta ba? Suna kuma nuna cewa neman shiga manyan mujallu kan ja mai bincike zuwa tambayoyin da suka dami Turawa, ya bar na ƙofar gidansa.

Akwai na uku masu cewa ƙananan jami'o'i su tsaya ga koyarwa, a tara kuɗin bincike a 'yan manya kaɗan. Hujjarsu ita ce kuɗi kaɗan idan aka watsa shi ko'ina ba ya gina komai. Masu ba su amsa kuma suna cewa malamin da ba ya bincike tsohon karatu zai yi ta maimaitawa, kuma matsalolin Kabi ba wanda zai zo daga nesa ya zauna a kansu shekara goma.

Kowane ɓangare yana da gaskiyarsa. Amma idan aka lura, na farko da na biyu ba kishiyoyi ba ne kamar yadda ake zato. Waken Samaru ya shiga mujallun duniya, ya kuma shiga gona. Ingila ma, wadda ba ta rasa manyan mujallu, tun 2014 take neman jami'o'inta su kawo shaidar amfanin bincikensu ga jama'a kafin a raba musu kuɗi. Binciken da aka yi da kyau a kan matsalar gida shi ne ya fi saurin jan hankalin duniya, domin shi ne abin da ba wanda ke da shi sai kai.

Kwarin Rima a matsayin fagen bincike

A nan ne jami'o'in Kabi ke da abin da Jami'ar Oxford ba ta da shi. A Birnin Kabi aka ƙaddamar da shirin bashin manoma na Babban Bankin Nijeriya a watan Nuwamba 2015. A Argungu aka buɗe babban kamfanin casar shinkafa na WACOT a 2017. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda ake danganta farkonsa da 1934, ya shiga jerin al'adun duniya na UNESCO a 2016. Duk waɗannan suna zaune a kan kogi ɗaya da fadama ɗaya, kuma cike suke da tambayoyin da ke jiran amsa.

A ɗauki manomin rani a fadamar Gulma. Ya haƙa 'yar rijiyar burtsatse, ya ɗora injin ban ruwa, yana sayen fetur a galan, kuma tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin ban ruwa ya zame masa babban nauyi. Sau nawa ya kamata ya ba da ruwa a mako ba tare da amfanin ya ragu ba? Ruwan ƙarƙashin ƙasa yana raguwa ne ko yana nan, bayan dubban rijiyoyi sun yi shekaru suna zuƙa? Wane taki ƙasarsa ke nema, kuma buhu nawa? Injin mai aiki da hasken rana cikin shekara nawa zai mayar da kuɗinsa? Idan shinkafa ta fara nuna, ga tsuntsayen jan-baki. Idan damina ta yi nisa, ga ambaliya irin ta 2020 wadda ta shafe gonaki masu ɗimbin yawa a jihar. Wane iri ne zai jure kwanaki a ƙarƙashin ruwa? Ta yaya labarin sakin ruwa daga madatsun Goronyo da Bakolori zai iso masa da wuri? Wannan manomi ɗaya ya ba masanin ƙasa da injiniya da masanin tattalin arziki da masanin yanayi aikin shekaru.

Haka sauran fannoni. Albasar Aliero tana ruɓewa a ajiya kafin farashi ya tashi. Masu ɗorin karaya na garin sun yi suna har ƙasashen maƙwabta, kuma aikinsu ya cancanci nazarin likitoci cikin mutunci. Masunta sun san ire-iren kifin da suka yi ƙaranci a kogin Matan Fada na Argungu, amma sanin yana bakin dattawa, ba a rubuce ba. Yaran da ke wanka a tafkuna suna fama da tsargiya. Kufan Surame, birnin Kanta Sarkin Kabi, da kayan Gidan Tarihi na Kanta a Argungu, da rubuce-rubucen ajami da ke gidajen malamai, suna jiran masu tarihi. Harsuna irin su Kyanganci da yaren Gungawa suna ja da baya a gaban Hausa, kuma idan tsofaffin da ke jin su suka tafi, an yi asarar da ba ta da mayarwa.

Abin da zai iya biyo baya

Idan aka ci gaba da ƙirga takarda kawai, adadin farfesoshi zai ƙaru, kundaye za su cika kantoci suna shan ƙura, jama'a kuma su ƙara nisa da jami'a har su daina ganin dalilin kashe mata kuɗi. Idan kuma aka yi watsi da tantancewar masanan waje da sunan kishin gida, za a wayi gari ana ba manomi shawarar da ba a gwada ba, wanda hakan ya fi rashin shawarar illa.

Hanya ta tsakiya tana buƙatar matakai sanannu. Kowace jami'a ta zaɓi fannoni biyu ko uku da za ta yi fice a kansu, ta zuba ƙarfinta a can. Kwamitocin ƙarin girma su nemi malami ya kawo ayyukansa mafi inganci a karanta su, a kuma ba da maki ga sabon iri ko na'ura ko littafin Hausa da ya shiga hannun jama'a. A sa kundayen digiri a intanet inda kowa zai same su, kowane da taƙaitaccen bayani da Hausa. Gwamnatin jiha da kamfanonin shinkafa su kawo tambayoyinsu tare da kuɗin amsa su. Aliero da Birnin Kabi da Zuru su yi tarayya a kan na'urori masu tsada, su jingina da Sakkwato da Zariya, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Sakamakon kuma ya bi ta malaman gona da gidajen rediyo da fadar hakimai har ya isa inda aka ɗauko tambayar.

Kammalawa

Jerin jami'o'in duniya yana da amfaninsa, amma ɓangare ɗaya na hoton yake nunawa. Mai karatu, idan ka sake jin an ce wata jami'a ta hau ko ta sauka, ka tambayi wane jeri ne, me ya ƙirga, me ya bari. Sannan ka yi wa jami'ar da ke kusa da kai tambayoyi biyu: wane aiki kika yi da masanan duniya suka tantance suka yarda da shi, kuma wane aiki kika yi da ya canza wani abu a gona ko asibiti ko aji? Hausawa sun ce ba girin-girin ba, ta yi mai. Muna kira ga shugabannin jami'o'in Kabi da malamansu da gwamnati da attajiran jihar su mayar da kwarin Rima babban ɗakin gwajinsu, domin ranar da manomin Gulma ya ɗaga buhu ya ce wannan iri daga jami'armu ya fito, ranar ce jami'ar ta biya bashin da ke kanta.